Yafiyar Da Malama Sa'adiya Ta Je Nema A Agege

Akwai wata mata a Agege, cikin Legas, da ake kira Hajiya Zuwaira mai nama. Mace ce mai fara'a da sakin hannu, amma akwai suna guda da in aka ambata a gabanta, nan take fuskarta za ta ɗaure. Sunan Malama Sa'adiya ne. Ku biyo ni ku ji dalili.

Mahaifin Zuwaira, Malam Idi, mahauci ne a mayankar Agege. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya tilo, ƙanwarsa Hansai ce ta rene ta. Da aka samu 'yancin kai, sai Malam Idi ya yi abin da ya ba 'yan uwansa mahauta dariya: ya kai 'yarsa makarantar kwana ta 'yan mata da ke kan hanyar Abeokuta.

"Ni ban iya rubuta ko sunana ba," in ji shi. "Amma wannan yarinyar sai ta yi magana da Bature ido cikin ido."

Makarantar ba wurin wasa ba ce. Ƙararrawa ke tashe ka, ƙararrawa ke ciyar da kai, ita ke kwantar da kai. Ranar Asabar a duba farce, a duba haƙori, a duba gado. In zanen gadonki ya ɗan yamutse, ga adda nan, ga filin ciyawa. In kika makara, wankin masai na jiranki.

Kowane ɗakin kwana yana da malamar da ke kula da shi. Akwai Malama Mariamu, 'yar wajen Jos, wadda bulalarta ta fi ta kowa zafi. Amma in ta zane ki da safe, da yamma za ta kira ki ta miƙo miki man zafi, tana hararar ki tana cewa, "Gobe ma ki ƙara." Har yau tsofaffin ɗalibanta da dariya suke tuna ta.

Malama Sa'adiya kuwa daban take. Bahaushiya ce gaba da baya, jikar wani Bahaushe da ya yi wa Turawa aikin soja, an haife ta a unguwar Obalende. Sai dai ta ɗauki Hausa tamkar wata ƙazanta da ta manne mata a takalmi. Ba ta cika duka ba, wulaƙanci ne sana'arta. Tun ranar da ta ji sana'ar uban Zuwaira, in za ta wuce gadonta sai ta toshe hanci.

To, akwai doka a makarantar: ba a magana da kowane harshe sai Turanci. Akwai wani ɗan katako mai igiya da ake rataya wa duk wadda aka kama tana Yarbanci ko Hausa. Ita ma sai ta yi ta farautar wata, ta sauke mata shi. Wadda katakon ya kai ranar ziyara a wuyanta, ba za ta ga iyayenta ba.

Ana gobe ranar ziyara, Zuwaira tana gugar rigar makaranta da dutsen guga na gawayi, sai murfin ya ɓalle. Garwashi ya zubo mata a bayan hannu.

"Wayyo Allah, hannuna!"

Iyakar abin da ta ce ke nan. Malama Sa'adiya tana bakin ƙofa. Ba ta ko kalli ƙunar ba. Ta sa aka ciro katakon daga wuyan wata yarinya, ta rataya wa Zuwaira da hannunta. Jama'a, wa yake ihun wuta da Turanci?

Washegari iyaye suka cika harabar makaranta. Zuwaira kuwa tana durƙushe a kan tsakuwa a bayan tagar ofis, katako a wuya, rana tana dukan ta. Daga nan tana hango bakin ƙofa.

Sai ga Malam Idi ya sauko daga bolekaja, motar katakon nan ta wancan zamani. Ya sha babbar rigarsa ta Sallah, yana rungume da ƙullin kilishi. Abin da ya tsinka wa Zuwaira zuciya shi ne yadda rigar ta yi masa yawa. Mutumin da ke kayar da bijimi shi kaɗai, yau sai da ya dafa bango kafin ya ƙaraso.

Aka gaya masa 'yarsa tana horo. Ya nemi ganin malamar ɗakinsu. Da ta fito, dattijon nan ya cire takalmi, ya durƙusa a gaban macen da ba ta kai shi shekaru ba.

"Ranki ya daɗe, na san ta yi laifi, kuma ban zo hana horo ba. Jikina ne ba ya mini daɗi kwana biyu. Ki bar ni in ɗora hannu a kanta kawai, in sa mata albarka, in juya."

Malama Sa'adiya ta dube shi sama da ƙasa. Sai ta juya ga maigadi, wani tsoho mutumin Nijar, ta ce da Turanci, "Me mutumin nan yake cewa?"

Maigadi ya daskare, domin ya san ta fi shi jin Hausa. Amma rasa aikinsa yake tsoro. Ya lalubo guntun Turancinsa ya fassara mata.

Ta ce, da Turancin dai, "Gaya masa doka doka ce. Kuma ya matsa daga jikin ƙofa, yana jawo mana ƙudaje."

Maigadi ya fassara rabin farko, ya haɗiye na biyun. Amma Zuwaira ta ji duka. Ta buɗe baki za ta kira "Baba", sai ta tuna ko wannan kalmar laifi ce, kuma a gabansa za a ƙara mata wani horon. Ta cije leɓe har ya fashe.

Malam Idi ya miƙe da ƙyar. Ya leƙa hagu, ya leƙa dama, ko zai hango ta. Bai gan ta ba. Ya ce, "To, Allah Ya ba da haƙuri," ya sa takalminsa ya tafi.

Wannan shi ne ganinta da shi na ƙarshe.

Bai yi wata ba ya rasu. Ƙaninsa Balarabe ya zo makaranta da kansa ya faɗa. Malama Sa'adiya ta ce ana shirin jarrabawa, ba za a ɗaga wa yarinya hankali ba. Sai ranar da aka yi hutu, Zuwaira ta ɗaure akwatinta tana murna za ta ga Baba, sannan aka kira ta ofis aka gaya mata a tsaye.

Ba ta yi kuka a ofishin ba. Ta dai kalli matar nan, ta rantse a ranta cewa ko shekara nawa za a yi, sai ta ga ranar da matar za ta durƙusa a gabanta.

Baffa Balarabe ya tsaya mata har ta gama karatu. Turancin da aka dasa mata da tsakuwa da katako, shi ta ɗauka ta shiga sana'ar ubanta da shi. Da kuɗin man fetur suka yi ambaliya, jiragen ruwa suka yi layi a tashar Apapa, otal-otal suka cika da baƙi, ita ce ke shiga ofis ta yi ciniki da manajoji, mahautan Agege su yanka, motarta ta kai. Ta yi aure, ta haihu, ta gina gida, ta je Makka.

Duk wannan bai kashe wutar ba. In ta haɗu da tsohuwar 'yar makarantarsu a kasuwar Oyingbo ko ta Idumota, bayan gaisuwa tambayarta ɗaya ce: "Matar nan tana nan da rai?" In aka ce tana nan, sai ta ce, "Alhamdu lillahi." Mai ji sai ya ɗauka ƙauna ce.

Goggo Hansai ta sha yi mata faɗa.

"Zuwaira, ki sauke wannan abu daga ranki. Allah Ya ba ki komai."

"Goggo, ba ki ga yadda ya leƙa yana nema na ba. Ni na gani."

Ana nan, a shekarar 1977, Malama Sa'adiya ta yi ritaya, ciwon suga da hawan jini suka sa ta gaba. 'Ya'yanta suka biya mata kujerar Makka. Kun san al'adarmu: mai tafiya aikin Hajji yakan bi gida-gida yana sallama, yana neman gafarar waɗanda ya ɓata wa. Wani malami ya ja mata kunne cewa Allah Yana yafe abin da ke tsakaninsa da bawa, amma haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe. Tsoro ya kama ta, domin likita ma bai ba ta tabbacin za ta dawo ba.

Ta yi ta bin tsofaffin ɗalibanta. Kowacce sai ta ce, "Haba Malama, ai ya wuce." Saura gida ɗaya, wanda ta yi ta ɗagawa har saura kwanaki jirgi ya tashi.

Wata ranar Laraba da hantsi, Zuwaira tana tsakar gida ana auna nama, aka ce wata tsohuwa tana sallama. Ta ɗaga kai. Ga ta nan, ta sauko daga danfo, motar haya, ƙafafu a kumbure, tana dogara sanda. Zuwaira ta ji wani sanyi ya ratsa ta tun daga ƙeya, kuma ba sanyin tausayi ba ne. Daɗi ta ji.

Ba ta ce a kawo kujera ba. Goggo Hansai za ta shimfiɗa tabarma, Zuwaira ta ɗaga mata hannu.

Tsohuwar ta lallaɓa ta durƙusa a kan siminti, kusa da kwatamin da ruwan jini ke bi. Ƙudaje suka yanyame ta, ba ta ko kore su ba.

"'Yata Zuwaira," ta ce da Hausa tsantsa, irin ta cikin ɗaki. "Zan tafi ɗakin Allah, ban san ko zan dawo ba. Na zalunce ki. Don girman Allah ki yafe mini."

Zuwaira ta juya ga direbanta, ta ce da Turanci, "Me matar nan take cewa?"

Malama Sa'adiya ta sunkuyar da kai, hawaye suka soma ɗiga a kan simintin. Ta gane.

"Ashe kina jin Hausa, Malama?" in ji Zuwaira. "Yaushe kika koya?"

"Na cancanci fiye da haka, 'yata."

"Zuwaira, ki ji tsoron Allah," in ji Goggo Hansai. "Tsohuwa ce."

"Shi ma tsoho ne, Goggo."

Ta bar ta a durƙushe har aka gama awo, aka loda mota. Sannan ta yafa mayafi ta ce, "Tashi mu je. Yafiya kike nema, zan kai ki inda take."

Tsohuwar ta shiga mota da rawar jiki, har tana sa albarka. Ba su yi nisa ba motar ta tsaya a bakin maƙabartar Hausawa. Suka fito, suka tsaya a jikin katanga, inda mata kan tsaya.

"Malama, saurara da kyau," in ji Zuwaira. "Toshe hancin da kika yi mini, na yafe. Wankin masai, na yafe. Ƙunar hannuna da ba ki kalla ba, ita ma na yafe, duniya da lahira. Wannan duk nawa ne, ina da ikon bayarwa."

"Allah Ya yi miki albarka, Allah Ya..."

"Ban gama ba. Dattijon da ya durƙusa miki, kika ce yana jawo ƙudaje, wannan haƙƙin ba nawa ba ne. Ban isa in yafe abin wani ba. Mai shi yana ciki. Ki roƙe shi. Hausa kaɗai yake ji, kuma yau babu maigadin da zai fassara miki."

Malama Sa'adiya ta kama katanga da hannu biyu. Ta dubi filin nan, tudu bayan tudu, ciyawar damina ta rufe su duka, babu suna babu alama.

"Wanne ne nasa? Ki nuna mini, ko daga nesa ne."

A nan ne muryar Zuwaira ta karye.

"Ni ma ban sani ba. Kafin ki ga damar gaya mini, ruwan sama ya daidaita wurin, an binne wasu a gefensa. Baffa Balarabe ya yi ta nema, ya kasa tantancewa. Shekara da shekaru nan nake zuwa in tsaya, in yi wa filin addu'a gaba ɗaya."

Ta juya ga direba. "Ka jira ta. In ta gama, ka kai ta har ƙofar gidanta a Obalende." Ita kuwa ta kama hanya da ƙafa.

Ta yi nisa tana jiyo muryar tsohuwar a bayanta, tana kira cikin kuka: "Malam Idi! Malam Idi, ka yafe mini!" Ta kira ta gabas, ta kira ta yamma.

Babu wanda ya amsa.

Wasu za su ce Hajiya Zuwaira ta yi tsauri. Ni dai na juya maganar ta kowane ɓangare, ban ga inda ta yi ƙarya ba.

Darasi: Horo daban, wulaƙanci daban. Yaro yakan manta da bulala, amma ba ya manta ranar da aka tozarta iyayensa a gabansa. In Allah Ya ba ka iko a kan 'ya'yan mutane, ka riƙe shi da tsoron Allah. In kuma ka san ka zalunci wani, ka neme shi yau, tun yana da bakin da zai ce ya yafe. Ku tura wa malamai, iyaye da duk wani mai riƙe da amanar yara, wataƙila wani ya tashi neman gafara tun kafin ya makara.