Carbin Mma Asiatu da Kalandar Akawu

Akwai wata tsohuwa a Bawku, ana ce mata Mma Asiatu. Ita ce magajiyar masu sayar da hatsi a babbar kasuwa, shekara talatin da ɗoriya. Ba ta taɓa taka ƙofar makaranta ba, da babban yatsa take sa hannu a takarda. Amma in ta zura hannu cikin buhun gero, za ta faɗa maka daga Garu ya fito ko daga hayin Kulungugu.

Tsohuwar nan ta gaji da taro. Ta zauna na zaman lafiya, ta zauna na tsabta, ta zauna na zaɓe har ba ta san iyaka ba. A ba ka lemon kwalba da biskit, a ba ka riga mai rubutu, a ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. Rigunan nan sun cika mata kwalla guda, da su take ɗaure bakin buhu in igiya ta ƙare.

Abu ɗaya ne har yanzu yake fito da ita in an kira. Akwai magudanar ruwa da ta ratsa rumfunan hatsi, wadda ake ce wa gota. Ta rushe tun shekarun baya. Duk damina ruwa ya hau, ya shiga ƙarƙashin buhuna. A damunar bara, Azara, wata mai sayar da masara da ke riƙe da marayu huɗu, ta zo da safe ta tarar masararta ta tsira a cikin buhu. Mma Asiatu ce ta ɗaga ta daga ƙasa ranar. Tun daga nan ta ce ba za ta ajiye sarautar magajiya ba sai ta ga an gina gotar nan.

Ana nan sai wata ƙungiya mai suna Zauren Jagorori ta kira shugabannin gari, za ta karanta musu ayyukan da ke tafe. Sakatarenta wani saurayi ne, Kamaldeen, tashin Ankara babban birnin ƙasar, mai karatu da tsabtar riga. Ba mugu ba ne. Kawai irin mutanen nan ne da suke gani abin da ba ya cikin kwamfuta babu shi a duniya.

Ya miƙe ya karanta. Za a fara da Salaga, a zauna da masu unguwanni kan rigimar filaye. Daga nan Yendi, limamai da shugabannin matasa. Na ƙarshe kuma mafi girma a Bawku, inda injiniyan majalisar gari zai zo da kansa ya ji abin da jama'a ke so a sa cikin ayyukan baɗi.

"Sau ɗaya zai zauna da mu," in ji Kamaldeen. "Abin da aka faɗa masa ranar, shi zai shiga takarda. Wanda bai zo ba, sai wata shekara."

Mma Asiatu ta ɗago kai.

"Ɗan nan, kwana nawa daga yau?"

"Ranar sha tara ga wata ne, Mma."

"Ban tambaye ka lambar wata ba. Kwana nawa?"

Ya duba waya. "Ashirin da uku."

Ta ciro carbinta daga bakin zane. Kasuwar Bawku ba ta bin Litinin ko Talata, duk bayan kwana uku take zagayowa, ko wace rana ta faɗa. Jiya aka ci ta, jibi za a sake. Tsohuwa ta riƙa ja, tana tsallake biyu tana danne na uku. Da ta kai ƙarshe sai ta ɗaga carbin.

"Ranar kasuwa ka sa."

"To sai me, Mma? Awa uku ne kawai."

"Awa ukun safe, ranar kasuwa, ga sabon gero yana shigowa. Wa ka gayyata? Sarkin fawa? Mai tasha? Ni? Duk wanda ka kira shugaba a ɗakin nan, ranar ce yake shugabancin. Ka matsa da kwana ɗaya."

Kamaldeen ya yi murmushi irin wanda ake yi wa yaro.

"An riga an buga takardu, an buga ƙyallen sanarwa, injiniya ya sa a littafinsa. Mma, tsarin taro ba awon gero ba ne. Ki bar wa masu karatu wannan."

Sannan ya juya wajen maza.

"Sarkin Fawa, za ka zo?"

Sualihu sarkin fawa ya shafa gemu. "Allah ya kai mu."

"Ciyaman Aruna?"

Aruna shugaban direbobi ya ce, "Allah ya nuna mana da rai da lafiya."

Kamaldeen ya sa alamar "zai zo" a gaban sunan kowa. Wanda ya tashi a garin ya san in dattijo ya ce maka Allah ya kai mu bai ƙara komai a kai ba, sallamarka ya yi cikin mutunci.

Mma Asiatu ta naɗe carbinta, ta dafa gwiwa ta tashi. Ko lemon ba ta ɗauka ba.

A hanya Azara ta biyo ta, ranta a ɓace.

"Mma, kika bar yaron nan ya faɗa miki haka a gaban maza?"

"Bakinsa ne."

"To gotar fa? Sai wata shekara ke nan?"

Tsohuwa ta ci gaba da tafiya. Gwiwoyinta na ciwo, maganar kuma ta zauna mata a ƙirji, ba za a ce ba ta ji ba. Ta yi kwana biyu tana cewa a ranta ta bar su su sha kunyarsu. Amma kunyar Kamaldeen ba za ta busar da masarar Azara ba.

Taron Salaga ya yi kyau. Na Yendi ma ya cika. Su can kasuwarsu sai bayan kwana shida take dawowa, ko da ka aka zaɓi rana da wuya a faɗa mata. Kamaldeen bai san sa'a ce ta taimake shi ba. Ya riƙa turo hotuna a waya, shi a tsakiya, manya a gefe.

Ana gobe taron Bawku aka wuni ana ruwa.

Da sassafe Mma Asiatu ta iso kasuwa. Akwai wata al'ada da matan rumfar suke yi shekara da shekaru. In an ji babban mutum zai shigo gari, sai su kawo katakai su rufe gotar, su zuba yashi, su share, don kada baƙo ya ga ƙazantarsu. Ta tarar har sun fara jerawa.

"Ku kwashe."

"Mma, an ce injiniya zai shigo gari yau."

"Shi ya sa na ce ku kwashe. Shekara nawa muna ɓoye musu ciwonmu, sannan mu ce ba su ba mu magani ba? Ko tsinke kada wadda ta ɗauke."

Ta aika wa Sualihu da Aruna da sarkin dillalan shanu saƙo guda: kada kowa ya yi nisa da rumfar hatsi kafin azahar. Sannan ta zauna ta kama awo.

A can zauren taro, kujera tamanin aka jera. Ƙarfe goma ta yi, mutum huɗu ne: tsofaffin malaman makaranta biyu, na'ibin liman, da mai kula da lasifika. Injiniya ya iso, ya zauna a babban tebur, ya duba agogo. Kamaldeen ya kira Sualihu, ba ya jin komai sai sarar ƙashi. Ya kira Aruna, shi kuma ya ce masa, "Lodi nake, ɗana, lodi!" ya kashe.

Sha ɗaya da rabi injiniya ya rufe littafinsa.

"Malam, ina da wani wuri. In jama'arka ba su da buƙata, ai shi ke nan."

Kamaldeen ya roƙe shi minti ashirin, ya fita da gudu.

Mma Asiatu ta hango shi tun daga nesa, yana kutsawa tsakanin jakuna da kekunan kaya, farar rigarsa ta sha taɓo. Ba ta daina awo ba. Ya zo ya tsaya, sai kuma ya durƙusa a gaban mata.

"Mma."

"A'a, Akawu! Gero kake so ko dawa?"

Matan rumfa suka fashe da dariya. Ya sunkuyar da kai.

"Ba kowa a zauren. Zai tafi. Don Allah ki sa baki su zo, ko mutum goma ne."

"Sha huɗu, sha biyar," in ji ta, tana juye kwano a buhun wata mata. Sai da ta gama ta dube shi. "Dubi can. Motar Garu ce take sauke kaya. In na tashi yanzu, wa zai raba faɗan da za a yi a kan buhunan nan? Sualihu ya bar nama ga ƙuda? Ba wanda zai tashi."

"Shi ke nan na kashe aikin."

"Ka kashe dai zauren. Kasuwa ba ta zuwa wurin mutum, ɗan nan. Je ka kawo shi."

"Nan? Cikin wannan caɓin?"

"Mu da muke ciki kullum, dabbobi ne?"

Ya tashi ya koma. Abin da ya faɗa wa injiniya, Allah ne ya sani, amma ba a jima ba sai ga su, injiniya yana ɗage ƙafar wando. Mota ba ta shiga, da ƙafa suka tako. Da suka iso bakin rumfar hatsi, ba katako, ba yashi, sai baƙin ruwa ya cika hanya har gindin buhuna. Injiniya ya nemi dutsen da zai taka, dutsen ya juya, ƙafarsa ta nutse har idon sawu.

Ba wanda ya yi dariya. Mma Asiatu ta riga ta kalli matan da ido ɗaya.

"Sannu, ranka ya daɗe. Azara, kawo buta."

Aka zaunar da shi kan buhun dawa. Azara ta zuba masa ruwa yana wanke ƙafa, tana ba shi labarin masararta, ba kuka ba ƙari. Kafin ya mayar da takalmi, Sualihu ya iso da wuƙarsa a kugu, Aruna ya iso, dillalan shanu sun iso, shugabar masu tumatir ta iso. Shugabannin da aka jera wa kujera tamanin, ga su nan tsaye cikin taku ashirin. Kowa ya faɗi tasa a gajarce, don kowa ya bar ciniki a baya. Taron da aka shirya wa awa uku bai kai ɗaya ba.

Injiniya ya ce, "Na sha zuwa kasuwar nan, ban taɓa ganin wurin nan haka ba."

"Muna rufe maka ne," in ji tsohuwa. "Yau mun gaji."

Ya buɗe littafi, ya rubuta gota a layin farko. Kamaldeen ya karanta mata da murna.

"Sau huɗu ina gani ana rubuta ta," ta ce. Ta dubi injiniya. "Ranka ya daɗe, tashi min daga kan buhu."

Da kaka ta wuce aka kawo yashi. Mata suka yi guɗa, ita ta ce yashi ba gota ba ne. Aka kawo siminti, ta ce a bari a gani. Kullum tana zaune a bakin aikin tana yi wa magina faɗa kan kwaɓi. Sai ranar da ruwan farko ya sauka, ta tsaya a ƙarƙashin rumfa tana kallo ya bi sabuwar gota ya wuce, buhunan Azara a bushe. Ta dai daɗe a tsaye.

Bayan kwana biyu, ranar da ba kasuwa, Kamaldeen ya yi sallama a gidanta. Ya tuɓe takalmi, ya ajiye ƙullin goro a gabanta, sannan ya fito da takarda.

"Ayyukan bana ne, Mma. Salaga, Yendi, Bawku, an ƙara Garu. Ban kai wa mai bugawa ba tukuna. Na ce sai kin ƙirga mana."

Ta ɓare goro, ta ɗan gutsura. Ta ciro carbin ta miƙa masa.

"Ƙirga da kanka. Shekaranjiya aka ci kasuwa."

Ya fara ja, ya ɓata, ta buge masa hannu.

"Tsallake biyu, danne na uku. Sake. Ni ba zan zauna muku har abada ba."

Ya sake daga farko.

Darasi: Kafin ka sa wa mutane rana, tambayi yadda suke ƙirga kwanakinsu. Karatu alheri ne, amma wanda ya raina sanin mutanen gari zai jera kujeru ya zauna shi kaɗai. Ku kuma da aka raina, kada fushi ya sa ku bar abin da jama'a ke buƙata ya lalace, kuma ku daina rufe ciwonku don jin kunyar baƙo. Ku tura labarin nan ga duk wani sakatare, shugaban ƙungiya da mai shirya taro da kuka sani, tun bai kai takardarsa wurin bugawa ba.