Dawar Sodangi a Gonar Wani

An yi wani mutum a ƙauyenmu, nan yamma da Hasahisa. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana da 'ya'ya. Kakansa na cikin waɗanda suka tako daga Sakkwato da ƙafa, kuma ba ya tashi daga majalisa bai tuna mana da haka ba.

Kun san hawasha a Jazira. Gonaki ne a jere, tsawo ɗaya, faɗi ɗaya, baƙo ba ya bambance su. Maƙwabcinsa na gona wani talaka ne, Sodangi. Lokacin shuka ya riski Sodangi a Sinja yana jinyar mahaifiyarsa. Sai ya sa aka sayar da awakinsa, ya aiko da iri da taki, ya ɗauki wani baƙon mai tarakta. Baƙon ya kuskure, ya faɗa hawashar mutumin nan. Ya yi huɗa, ya zuba taki, ya shuka dawa.

Mutumin yana tsaye bakin tur'a, inda ruwan gonakin ke bi, yana kallo har aka gama. Kalma ɗaya ta isa, amma ya yi gum.

Sodangi ya dawo, lokacin shuka ya wuce, gonarsa duk ciyawa. Ya je wurin mutumin ya durƙusa ya ce, "Alhaji, gumina ne a gonarka. Ka ba ni ko abin da yara za su ci."

Mutumin ya ce, "Sata na yi? Na aiki wani? Ƙasata ce, arziki ne ya zo ya same ni."

Ni da kaina na taka har zaurensa. Na ce ƙasa taka ce, babu musu. Amma iri, da taki, da huɗa fa? Abin da ya ƙaru a hannunka daga asarar ɗan uwanka, ba ciniki, ba kyauta, ba gado, mayarwa ake yi. Ya gyara rawani ya ce jikan wane ba ya raba amfanin gonarsa da ɗan ƙwadago.

Ya 'yan uwa, wallahi na ji kunya. Mu da Larabawa maƙwabtanmu ke ba mu ajiya ba shaida! Wannan suna kakanninmu suka bar mana, ina alfahari da shi, ba na ɓoyewa. Shi kuwa sunan kaka ya riƙe, ya yar da halinsa.

Dawa ta yi kyau. Don kada a ga yawanta, bai kai ta gida ba. Ya haƙa matmura, ramin ajiyar hatsi, kusa da tur'a. Ya zuba ta, ya haɗa da tsohuwar dawarsa ta halak, ya rufe. Da damina ta zagayo tur'a ta ɓalle. Ranar da aka buɗe ramin, wari ya kori mutane. Wace ce tasa, wace ce ta Sodangi? Duk sun ruɓe tare. Ya kira gayya a taya shi aikin gona, ba wanda ya fito. Bai sake shuka ba.

Bayan shekara ya zo mini a rame, da buhu ɗaya da surukinsa ya taimaka masa da shi. Ya ce zai mayar. Amma Sodangi ya riga ya bar hawasharsa ya tafi yankan riɗi a garin Gadarif, zazzaɓi ya kashe shi a can. Yaƙi kuma ya watsa iyalinsa.

Ya ce, "Malam, wa zan kai wa?"

Buhun nan yana zaurena har yau, muna cigiya.

Ya 'yan uwa, rashin sata ba ya halatta maka abin wani. In kuskure ya kawo maka haƙƙin ɗan uwanka, mayar masa yau, tun yana da hannun karɓa.

Allah ya kiyaye mu da cin gumin wani, ya sa mu sauke haƙƙi tun masu shi suna raye. Amin.