Zanen Bangon Madugu

A wani zamani da ya shuɗe, tun ana ciniki da wuri, an yi wani Sarki wanda abu guda ya hana shi sakat: gonakin talakawansa sai sulalewa suke yi zuwa hannun masu ba da bashi, kuma duk ƙarar da aka kai wa alƙali, mai bin bashin ne ke da gaskiya.

Ga yadda al'adar garin take. In ka karɓi kwandon hatsi ko na gyaɗa bashi, mai kayan zai karce zane ɗaya da bakin wuƙa a bangon zaurensa. In ka biya, ya gicciye zanen. Ba shaida, ba takarda, bangon nan shi ne hujja. Yanzu fisabilillahi, bango a gidan mutum, wuƙa a hannunsa, wa zai hana shi? Amma haka suka gada, haka suke yi.

To, akwai wata mace mai suna Tabawa, sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu da gona ɗaya tak. Shekara uku tana karɓar gyaɗa wajen wani attajiri, Madugu Shekarau, gonar nan ce jingina. A lissafinta kwando goma sha biyu ta karɓa, ta biya tara. Ranar da ta je neman ƙarin lokaci, sai Madugu ya nuna mata zane arba'in, ko ɗaya ba a gicciye ba. Alƙali ya je ya ƙirga, ya ce ran Juma'a gona ta zama ta Madugu.

Tabawa ba ta yi kuka ba. Ta ɗaura gyalenta ta tafi ƙofar fada ta zauna. Dogarai suka kore ta, ta dawo. Suka sake korarta, washegari ga ta nan daram a wurin jiya. Rana ta uku Sarki ya ce a shigo da ita, Waziri Ilu yana gefe.

Ta faɗi ta yi gaisuwa, ta zayyana komai. Sarki ya ce, "Baiwar Allah, kina da shaida?"

Ta ce, "Allah ya ba ka nasara, ba ni da kowa sai Allah. Amma bangon da na sani ja ne, da tsaga a tsakiyarsa, nan nake jingina in ina jiran awo, nan kuma yake karce zanena. Wanda aka nuna wa alƙali fari ne sumul."

Waziri ya ɗaga kai ya dube ta. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni yini guda."

Da la'asar Waziri ya tafi gidan Madugu kamar mai ziyara. Aka shimfiɗa masa buzu, aka kawo fura. Bai ko ambaci bashi ba. Sai shafa bango yake yi yana jinjina kai, ya ce, "Madugu, wannan yaɓe ko a fada ba mu da irinsa. Tsohon aiki ne?"

Shi kuwa Madugu, in dai yabo ne, ba ya iya riƙe bakinsa. Ya ce, "Tsoho ina, ranka ya daɗe? Ranin bana aka yi shi. Sarkin magina da kansa ya yaɓe, daga ƙasa har sama, ko tafin hannu bai bari ba."

Waziri ya ce madalla, ya shanye furarsa, ya yi sallama.

Ran Juma'a bayan an sauko, Sarki ya ce a zauren Madugu za a yi zama. Jama'a suka cika ƙofar gida maƙil. Waziri ya miƙe ya ce, "Madugu, bashin Tabawa na shekara nawa ne?"

"Uku, ranka ya daɗe."

"Bangon fa, watansa nawa?"

Madugu ya ce ai da aka gama yaɓe ya mayar da zanen ne daga abin da ya riƙe a ka. Waziri ya ce, "Ba laifi. Tsohon bangon yana nan a ƙarƙashi, bari mu tambaye shi."

Aka kira sarkin magina. Tabawa ta taka ta ɗora hannu daidai inda tsagar take, ta ce, "Nan." Sarkin magina ya riƙa ɓanɓare sabon yaɓe a hankali, har jar ƙasa ta bayyana. Alƙali ya matso ya ƙirga da yatsa: zane goma sha biyu, tara a gicciye.

Ran Sarki ya ɓaci ƙwarai. Ya sa aka ɓanɓare bangon duka, aka mayar wa kowa gonar da aka ƙwace masa da zanen ƙarya, Madugu kuma aka wuce da shi gidan yari. Sannan ya sa sanƙira ya yi shela: daga yau a kan kara za a yi zanen bashi, a tsaga shi biyu, mai bi ya riƙe rabi, wanda ake bi ya riƙe rabi, a gaban shaidu biyu. Kuma gonar da mutum ke ci da iyalinsa ba ta shiga jingina.

Ya juya ga Tabawa ya ce, "Gonarki taki ce. Kwando ukun da suka rage ma na yafe miki."

Ta durƙusa ta ce, "Allah ya ƙara maka nasara, na gode. Amma ukun nan na karɓa, 'ya'yana sun ci. Ban zo neman a yafe mini ba, na zo ne kada a ɗora mini abin da ban ci ba. In kaka ta yi zan biya."

Da kaka ta yi kuwa, ta ɗauko kwando uku daga gyaɗar gonarta, ta kai wa iyalan Madugu, ta kira shaidu biyu suka tsaya. Iyakar abin da ya zo kunnena ke nan.