Takardar Gwajin Khaula

Akwai wani matashi a Ƙofar Marke, cikin birnin Sakkwato, mai suna Saifullah. Gwani ne wajen rubuta manhajar kwamfuta, wannan ba a musu. Matsalarsa ita ce shi ma ya san gwani ne, kuma ya fi kowa yawan faɗa.

Wani ɗakin gwajin jini mai zaman kansa ya ba shi aikin manhajar da za ta riƙa ɗauko sakamakon mutane ta intanet daga babbar kwamfutarsu, ta buga a takarda. Tsohuwar manhajarsu ɗaya bayan ɗaya take ɗaukowa, mutane su yi ta zaman jira a benci.

Saifullah ya raba aikin gida takwas, kamar ka tura 'yan aike takwas lokaci guda. Abin ya yi sauri, kowa ya yaba. Sai dai duk takwas ɗin wuri ɗaya suke rubuta sunan mai sakamako kafin a buga.

Ya kai wa Malam Irmiya ya gani. Wannan dattijo shi ya fara koya masa kwamfuta a sakandare. Gaskiya ba shawara ya je nema ba, yabo ya je karɓa.

Malam Irmiya ya daɗe yana karantawa, sannan ya cire tabarau.

"Saifullahi, aikin ya yi kyau. Amma in biyu suka dawo tare fa? Na farko ya rubuta suna, kafin ya buga na biyu ya goge ya sa nasa. Sakamakon wani zai fita da sunan wani. Ka sa makulli su riƙa shiga ɗaya-ɗaya, ko kowanne ya riƙe sunansa a hannunsa."

Saifullah ya yi murmushin da ya fi zagi ciwo.

"Malam, sau ɗari nig gwada ta, ba ta taɓa kuskure ba. Wanga aiki na zamani na, ba irin na allon makaranta ba."

"Da mutum nawa ka gwada?"

"Ni ɗai, ofis."

"To ranar cunkoso nake jiye maka."

Saifullah ya rufe kwamfutarsa ya tafi, ko godiya babu.

Wata uku manhaja tana aiki lafiya lau, kansa ya ƙara girma. Sai watan Sha'aban ya kama, lokacin da kowa ke son a ɗaura aurensa kafin azumi. Ɗakin gwaji ya cika maƙil da masu gwajin jini na kafin aure, ga intanet tana jan ƙafa.

Cikin masu layi har da Saifullah da Khaula, yarinyar da ya shekara huɗu yana nema. Shi ya san jininsa AS ne tun yana yaro. In ita ma AS ce, ana iya haifar 'ya'ya masu ciwon sikila. Yana tsaye yana nuna mata yadda takardu ke fitowa da sauri, yana cewa aikinsa ne, aka miƙo tata.

An rubuta AS.

Mahaifinta, Malam Gidaɗo, malami ne da ake ji da shi. Ya kira Saifullah zaure ya ce, "Ɗana, ni da bakina nika yi ma mutane wa'azi bisa wanga gwaji. Ba ni hana ɗiyan wasu in bar tawa. Ka yi haƙuri."

Khaula ta roƙa a sake gwajin a wani wuri. Kun san wanda ya hana? Saifullah. Ya ce da hawaye, "Manhajata ba ta ƙarya." Ko a ranar da zuciyarsa ke ƙuna, girman kai bai sake shi ba.

Aka fasa aure. Bayan wata takwas ta auri wani.

Shekara ɗaya da rabi da wancan gwaji, Khaula ta je awon ciki a asibiti, aka duba jininta, aka sake dubawa. AA ce. Ta ɗauki hoton takardar ta tura wa Saifullah, ba ta rubuta ko kalma ɗaya ba.

Nan take ya buɗe bayanan manhajar na ranar gwajin. Amsoshi biyu sun dawo cikin daƙiƙa guda, na Khaula da na wata Balkisu, kuma sun yi musayar suna. Balkisu ce AS. An ba ta takardar AA, ta auri wani tela mai suna Lawwali, wanda shi ma AS ne.

Ya nufi gidan Malam Irmiya, ya durƙusa, ya faɗa masa duk abin da ya faru. Dattijon bai ce ai na faɗa maka ba. Ya karɓi kwamfutar, suka gyara tare. Layi shida ne kacal, ko minti goma ba su yi ba.

"Wannan mai sauƙi ne," in ji Malam Irmiya. "Yanzu ka sanar da masu ɗakin gwaji a nemo duk wanda abin ya shafa. Gidan Lawwali kuwa, da ƙafarka za ka je."

Da la'asar ya sauka daga keke a unguwar Runjin Sambo, ya yi sallama a ƙofar gidan Lawwali. Lawwali ya fito da fara'a, rungume da jaririya 'yar wata shida tana ta kuka.

"Marhabin da baƙo. Ka yi haƙuri da kukan, kwana ukku ke nan hannuwanta na kumbura. Mun rasa mi ka damunta, ga shi mu da uwarta mun yi gwaji, lahiya lau anka ce muna."

Saifullah ya dubi 'yan yatsun nan da suka kumbura, alamar da ciwon sikila kan fara nunawa ga jarirai. Takardar gaskiya tana aljihunsa, kuma babu wanda zai karanta wa mutumin nan ita sai shi.

Darasi: Don abu bai taɓa lalacewa a gabanka ba, ba shi ne yake da lafiya ba. In aikinka ya haɗa hannuwa da yawa a wuri ɗaya, ka tsara su, kuma ka saurari wanda ya nuna maka ɓaraka, domin bayan kowane layi da ka rubuta akwai rayuwar mutum. Ku tura wa duk mai sana'ar da ya fi ƙarfin gyara.