Cokalin da Ya Rage a Kan Tebur

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da ba a san wayar hannu ba, ana ce masa Malam Mati. Ma'aikacin jinya ne a ɗan ɗakin shan magani na bakin kasuwa. Bai yi boko da ƙuruciya ba. Sai da ya ajiye gemu ya shiga ajin yaƙi da jahilci, ya yi ta lallaɓawa har aka koya masa aikin. Shi ya sa masu tsokana ke kiransa "likitan yamma", wai don karatun yamma ya yi. In an faɗa, murmushi kawai yake yi.

To ku saurara, jama'a, ku ji inda Allah Ya jarrabe shi.

Wata ranar kasuwa da hantsi, wata mata mai suna Tabawa ta zo daga ƙauyen ƙetaren rafi, goye da 'yarta Uwani, 'yar shekara biyu, jiki kamar garwashi. Malam Mati ya duba ta, ya ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, ya haɗa da kwalbar farasitamol na ruwa don saukar da zafin jiki. Ya ce, "Cokali ɗaya, sau uku a yini. Kada a ƙara." Ta yi godiya ta tafi.

Sai da layi ya ƙare, wajen azahar, yana goge tebur, ya ga ɗan cokalin roba na awo, wanda ke zuwa tare da kwalbar. Ya manta bai ba Tabawa ba. "Cokali" ya ce mata, bai ce wane ba. Shi kuwa ya san cokalin gida yana cin ukun wannan, ya kuma san maganin nan in ya yi yawa, hanta yake ci a ɓoye.

Ya gaya wa shugabansa, Malam Sidi. Shi kuwa ya ce, "Haba Mati, a kan cokali? Wa ya gani? In ka je ka ce ka yi kuskure, gobe duk kasuwa ta ji. Ga takardar ƙarin girmanka a gabana ban sa hannu ba. Zauna ka sha ruwa."

Malam Mati ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na gani. Kuma hantar yarinyar nan ba ruwanta da sunana."

Ya yi salla, ya hau keke cikin rana tsaka. A bakin rafi ya jingine keken, ya naɗe ƙafar wando, ya ƙetare. Da tambaya ya kai gidan.

Ya yi sallama, aka shigar da shi. Me zai gani? Kakar yarinyar, Iya Kande, ta ɗora ta a cinya, ga ƙaton cokalin cin shinkafa cike fal, tana cewa, "Haɗiye, kishiyata, haɗiye."

"Iya, dakata don Allah!"

"Ai da dawowarsu an ba ta ɗaya, jikin bai sauka ba, na ce a ƙara. Ga ma na mura da maƙwabciya ta kawo."

Ya karɓi kwalbar ta mura, ya bi rubutun da yatsa a hankali, yadda ya koya a aji. Ya ce, "Iya, suna biyu ne, amma farasitamol ɗin da na bayar yana cikin wannan. In kin ba ta duka, kin ninka ke nan."

Sai mai gidan, Sallau, ya juya kan matarsa. "Ke dai ba kya jin magana! An yi miki bayani kin zubar a hanya."

Ku lura da wannan wuri, 'yan'uwa. Da Malam Mati ya ja bakinsa, laifi ya zauna a kan Tabawa, shi ya koma gida da mutuncinsa. Sai ya fito da ɗan cokalin daga aljihu, ya ce, "Malam Sallau, ba ta zubar da komai ba. Ni ne ban ba ta wannan ba. Laifina ne."

Sallau ya tuntsure da dariya. "Au! Likitan yamma! Kai ka yi ɓarnar, kai ka biyo sawu?"

"Ni ne."

Malam Mati ya koma kan yarinyar. Ya sa aka kawo ruwa mai ɗumi-ɗumi, ya nuna wa Tabawa yadda za ta riƙa goga wa yarinyar da tsumma, ta yawaita ba ta ruwa. Ya ce tunda ɗaya kawai ta sha da babban cokali, da sauƙi, amma kada a sake ba ta sai isha'i. Daga nan asuba, azahar, isha'i, da wannan cokalin kaɗai, mutum ɗaya ne kuma zai riƙa bayarwa. In zafi ya wuce kwana biyu, ko ta ƙi shan ruwa, a dawo da ita. Bai tashi ba sai da ta yi gumi ta nemi nono.

Labari kuwa ya zaga kasuwa, yadda Malam Sidi ya faɗa. Ƙarin girma bai zo ba a shekarar. Amma Uwani ta warke, matan ƙetaren rafi kuma suka riƙa cewa, "A kai wa Mati. Shi in ya yi kuskure, har gida yake biyo mutum."

Jama'a, abin da nake so mu riƙe shi ne: mara lafiya amana ne, magani kuma da awo yake, da lokaci. Ƙauna ba ta sa a ninka shi. Kai da ke haɗiye ƙwaya huɗu don ciwon kai ya yi saurin saki, ke da ke ba yaro na wannan kwalba da na waccan, ku tsaya ku tambaya. Wanda kuma ya yi kuskure a kan ran wani, kada ya tsaya tunanin abin da kasuwa za ta ce. Ya naɗe wando ya ƙetare rafin.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu iya cewa "laifina ne" tun da sauran lokaci.