Baba Azariya Ya Koma Aji Ɗaya

Akwai wani dattijo a Kafanchan, Baba Azariya, ma'aikacin ɗakin gwaji a sashen injiniyan lantarki da kwamfuta na wata babbar makaranta. Tun yana saurayi ya fara aiki a reluwe, yana gyaran wayoyin sigina. Da aikin jirgi ya ja baya sai ya dawo makarantar, ya yi shekara ashirin da huɗu a ɗaki guda.

Duk ɗalibin da ya shigo aji ɗaya, ta hannun Baba yake bi. Shi ke koya musu riƙe mita, da liƙi da dalma, da yadda za su taɓa waya ba tare da wuta ta ja su ba. Akwai injiniyoyi a Kaduna da Abuja da har yau in sun gan shi sai sun rusuna.

Sai aka canza tsarin karatu. Darasin gabatarwa na 'yan aji ɗaya ya koma haɗa ƙananan allunan lantarki masu ƙwaƙwalwa, waɗanda sai an rubuta musu umarni a kwamfuta kafin su yi aiki. Kodin, kamar yadda yaran ke cewa. Aka ɗauko sabuwar lakcara, Dokta Khairat Lawal, 'yar wani mai shagon yadi a kasuwar garin, shekarunta talatin da ɗaya.

Ranar Litinin ɗin farko ta zangon, shugaban sashe, Dokta Gregory, ya kira Baba ofis.

"Baba, ba raini ba ne," in ji shi, yana juya biro a hannu. "Amma kayan da aka kawo yanzu ba irin naka ba ne. In zangon nan ya ƙare za mu mayar da kai sito, ka huta kafin ritaya. Za mu nemo yaro daga Kaduna ya riƙe ɗakin."

Baba ya ce, "Na ji, ranka ya daɗe."

Da ya koma gida ko tuwon acca bai iya gamawa ba. Matarsa, Mama Milka, ta zauna kusa da shi.

"Saura shekara biyu ka yi ritaya. Ka je siton mana, ka zauna. Me ka rasa?"

"Ba zaman ne ya dame ni ba," ya ce. "Yaro zai shigo ya tambaye ni abu, in ce ban sani ba, kuma in zauna a haka? Wannan ne ba zan iya ba."

Washegari ya je ya ƙwanƙwasa ofishin Dokta Khairat. Ta miƙe da sauri ta ba shi kujera.

"'Yata, alfarma na zo nema. Ina so in riƙa zama a ajinki."

"Ka duba yadda nake koyarwa, Baba?"

"A'a. In koya. Ki sa ni a benci tare da yaran. In kin ba su gwaji, ki ba ni."

Ta dube shi da kyau ta ga ba wasa yake ba. Ta ce, "Baba, za su yi dariya fa."

"Su yi. Ba yau aka fara yi mini ba."

Haka kuwa aka yi. Ranar Laraba Baba ya shigo da sabon littafi da gilashinsa, ya zauna a benci na biyu cikin yara sittin da wani abu. Da aka raba kwamfutoci ya fara buga haruffa da yatsa ɗaya, yana neman kowane harafi kamar mai tsintar gyaɗa a gona.

Akwai wani ɗalibi, Yafet, ɗan Sabon Tasha, wanda ya zo da laftof ɗinsa kuma ya riga ya iya kodin tun daga sakandare. Yaro ne mai kai, amma bakinsa ba linzami. Shi ya laƙaba wa dattijon suna Baba Rediyo, ajin ya ɗauka.

"Abeg Baba, ka bar ma jikokinka wannan," ya ce wata rana, ajin ya kwashe da dariya. "Kafin ka gama layi ɗaya mun yi digiri."

Baba ya yi murmushi kawai, ya ci gaba da neman harafinsa.

Gwajin farko ya ci uku cikin ashirin. Dokta Khairat ta so ta ɓoye takardar, ya ce ta ba shi a gaban kowa kamar sauran. Ya karɓa, ya ninke, ya sa a aljihu. Abin ya yi masa zafi, don tun da yake bai taɓa zama na ƙarshe a aikin lantarki ba. Amma da aka tashi bai tafi ba. Ya bi ta ofis ya ce, "Nuna mini inda na ɓata."

Wani abin da ya bambanta Baba shi ne ba ya jin kunyar tambaya. In Dokta ta yi bayani ajin ya yi tsit kamar kowa ya gane, sai ka ga hannunsa a sama. "Ban gane ba, 'yata. Maimaita." In ta maimaita, sai ka ga rabin ajin sun sunkuya suna rubutu.

Cikin masu sunkuyawar akwai Lai'atu, 'yar manoman citta daga Fadan Kagoma. Ba ta taɓa taɓa kwamfuta ba sai da ta zo makarantar. Wata rana bayan darasi ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin gwaji tana murza hannu.

"Baba, ni na riga na haɗa kayana. Na ce ma mamana zan dawo gida, karatun nan ya fi ƙarfina. Amma na ga kai ka ci uku kuma ka dawo. Ni na ci biyar."

Baba ya yi dariya har ya cire gilashi. "To ai kin fi ni. Zauna. Ke ki koya mini inda haruffan suke, ni in koya miki inda wuta ke bi."

Daga ranar, kullum in an tashi ƙarfe huɗu su biyun suna zaune har shida. Daga baya wani ɗalibi mai shiru-shiru, Nuru, ya shigo cikinsu.

A tsakiyar zango Dokta Khairat ta ce kowa ya shiga rukuni, a ƙera wani abu mai amfani, za a baje kolinsa a gaban baƙin injiniyoyi. Kowa ya ruga rukunin Yafet. Lai'atu da Nuru suka rage, Baba ya ce shi ne na ukunsu, ko da ba za a ba shi maki ba.

Lai'atu ce ta kawo shawara. A unguwarsu akwai rijiyar burtsatse da mata suka yi karo-karo aka haƙa. Sau uku injin jan ruwan yana ƙonewa, don ba mai lura in tanki ya cika ko ruwa ya yi ƙasa. Yanzu wata biyar ke nan mata sun koma rafi.

"To mu yi abin da zai lura," in ji Baba. "Ya kashe injin da kansa, ya kuma aika saƙo a waya."

Sati shida suka yi a kai. Baba ya ƙi yarda a bar masa haɗa wayoyi kawai. Ya ce sashen da ke kashe injin shi zai rubuta. Layi arba'in da biyu ne, ya rubuta ya goge ya fi sau goma. Ranar da fitilar da suka sa a madadin injin don gwaji ta mutu da kanta a daidai lokacin da ya umarce ta, ya daɗe yana kallonta, sannan a hankali ya ce, "Na gode, Ubangiji."

Ranar baje koli zauren ya cika. Rukunin Yafet sun yi na'urar kunna fitilu da fanka daga waya, teburinsu ya fi na kowa jama'a. Saura kamar rabin awa baƙi su iso teburin, janareto ya yi wata irin ƙara, wuta ta hau da ƙarfi. Sai ga hayaƙi daga allon Yafet. Ba su sa fiyus ba, don a kwamfuta komai ya yi daidai.

Yafet ya tsaya kamar an dasa shi. Abokan rukuninsa suka fara zargin juna.

Na'urar su Baba ko gezau, don ya sa mata kariya tun farko. Ya leƙo ya ga abin da ya faru. Lai'atu ta riƙe hannun rigarsa ta ce a hankali, "Baba, ka bar shi. Ka manta abin da ya yi maka?"

"Ban manta ba. Amma ɗalibina ne."

Ya ɗauki mitarsa da ƙarfen liƙi ya nufi teburin. Ya shinshina allon, ya taɓa wuri biyu da mita, ya ce, "Ƙwaƙwalwar ba ta mutu ba, mai rage wutar ne ya ƙone. Nuru, kawo na ajiyarmu. Yafet, riƙe mini nan, kar hannunka ya yi rawa."

Cikin minti ashirin fitilun Yafet suka kama. Yaron ya buɗe baki zai yi magana, Baba ya ce, "Baƙi na zuwa. Gyara rigarka."

Da baƙin suka iso teburin su Lai'atu, shugabar tawagar, Injiniya Rosemary, ta sa aka cika bokitin da ke matsayin tanki aka zubar sau uku. Duk sau ukun ƙaramin injin gwajin ya mutu a kan lokaci, saƙo ya shigo wayarta. Ta duba kwamfutar ta nuna wani wuri.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ni ne, Ma," in ji Baba.

Ta ce ya yi bayani. Ya gyara gilashi ya bi layi-layi, har da dalilin da ya sa injin ke jira minti biyu kafin ya sake tashi, don kar ya yi zafi. Ta juya wurin Dokta Gregory ta ce ta daɗe ba ta ga aikin 'yan aji ɗaya da za a iya ɗauka a kai ƙauye yau-yau ba.

Rukunin su Baba ne ya zo na ɗaya. Wanda ya fara tafa musu Yafet ne, kuma bai tsaya nan ba. Ya zo gaban kowa ya durƙusa.

"Baba, ka yafe mini. Na yi rashin kunya."

Baba ya ɗago shi. "Ya wuce. Gobe ƙarfe huɗu ka zo. Akwai abin da ban gane ba a darasin jiya, kai za ka nuna mini."

Da yamma Dokta Gregory ya sauko ɗakin gwaji da ƙafarsa. Ya ce maganar sito ta mutu, kuma daga zango mai zuwa Baba da Dokta Khairat ne za su riƙe darasin tare.

Bayan sati uku sashen ya ba su mota suka tafi Fadan Kagoma da injin rijiyar da suka gyara. Yafet ne ya hau saman tanki ya ɗaura na'urar, Nuru na miƙa masa waya. Mata suka jeru da jarkoki, wasu da goyo. Aka kunna, ruwa ya fara hawa.

Can sai injin ya yi shiru da kansa. Wayar mahaifiyar Lai'atu ta yi ƙara. Ta miƙa wa 'yarta, Lai'atu ta karanta da ƙarfi: "Tanki ya cika. An kashe inji."

Aka buɗe famfo, ruwa ya zubo. Mata suka ɗauki guɗa, wata tsohuwa ta ja Baba Azariya cikin fili, ya yi rawa da mitarsa a rataye a wuya.

Darasi: Zamani zai ci gaba da canzawa ko mun so ko mun ƙi, kuma wanda ke jin kunyar cewa "ban gane ba" shi ake bari a baya, ba mai yawan shekaru ba. Kai kuma da ka iya sabon abu, kar ka raina wanda ya riga ka, wata rana iliminsa ne zai tsamo ka. Ku tura wa ɗalibin da ke shirin karaya, da dattijon da ke ganin lokacin koyo ya wuce shi.