Sandar Injin Alhaji Na'Allah

An ce wai an yi wani attajiri mai injin matse gyaɗa, ana kiransa Alhaji Na'Allah. Ya sayo ƙarfe mai tsada, irin wanda aka gauraya da sinadaran kuromiyam da molibdinam, wanda zafi ba ya sa shi laushi, nauyi ba ya lanƙwasa shi. Ya kai wa maƙeri Jatau ya ƙera masa sandar da ke juya injin. Ba a daɗe da ɗaura ta ba, sai ta karye gida biyu.

Alhaji ya kai ƙara gun Sarkin Maƙera Barmo, ya ce, "Jatau ya musanya mini ƙarfe da na banza. A karɓe masabarsa, a kore shi daga maƙera!"

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙarfensa ne. Ban dai gama ba."

Barmo ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, mu ma mukan sha jira a hannun Jatau. Yaya ka yi ka samu aikinka da wuri?"

Alhaji ya gyara zama ya ce, "Ai ni ba a yi mini wasa. Yana tsamo ta daga cikin mai, ya ce wai saura wuta ta biyu. Na ce wutar me? Na sa aka ɗauko mini abata."

Barmo ya sa aka kawo guntayen sandar biyu. Ya ajiye guntu ɗaya gefe, ya mayar da ɗayan cikin wuta marar ƙarfi, ya bar shi ya daɗe, sannan ya huce a hankali. Ya miƙa wa Alhaji masaba ya ce, "Bismilla."

Alhaji ya bugi na gefe, ya tarwatse kamar tangaran. Ya bugi na biyu har gumi ya karyo masa, ko tsagewa bai yi ba.

Barmo ya ce, "Sanda ɗaya ce, ƙarfe ɗaya. Tsomawa a mai ke ba shi tauri, wuta ta biyu ke ba shi juriya. Da na banza ne, da tuni masabar nan ta lotsa shi. Jatau bai ci amana ba. Wanda ya hana wuta ta biyu shi ya karya sanda, kuma da bakinsa ya faɗa."

Maƙera suka ɗauki Jatau sama, ana buga masa kirari da masaba a kan uwar maƙera. Alhaji ya kawo sabon ƙarfe, ya ce, "Malam Jatau, ko wuta goma ce, zan jira."

Shi ya sa masu hikima suka ce, taurin da bai sha haƙuri ba, karyewa ce ƙarshensa.